Tsayin Baba a Jikin Sirdi

Da mahaifinmu ya rasu, abin da ya bari bai cika ɗaki ba. Awaki ne, da akwatin koli, da 'yar gona a bakin kogin Challawa, sai keke. Malamin da ya zo rabon gado ya yi ta lissafinsa da Larabci, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ina ganewa, alhali karatuna na allo bai kai inda ake yi wa yaro tuwon sadaka ba. Boko ma ajin yaƙi da jahilci kawai na leƙa, na fito da ɗan abin da nake rubuta muku wannan da shi. Da aka gama, mata suka tashi da awaki da akwati, gona ta zauna a hannun gwaggonmu, keke kuwa ya faɗo a kan mutum biyu, ni da yayana.

Wannan yaya nawa uba muka haɗa, uwa kowa da tasa. Ya girme ni, ya kuma fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Shi in zai shiga zaure sai ya sunkuya, ni kuwa ko a kan jaki nake sai na wuce ban taɓa komai ba. Tun muna yara, in ɗayanmu ya sha ruwa a moɗa, ɗayan sai ya ɗauraye ta kafin ya kai baki. Kada ku tambaye ni mafarin abin. Na sha zama in nemo shi, ban samu ba. Mun dai tashi mun tarar ba ma son juna, muka riƙe abin da kyau kamar sana'ar gado.

A lokacin nan, bayan samun mulkin kai da kaɗan, kamfanonin Kano a Bompai suke. Sharaɗa gonaki ce da kukoki, Challawa kuwa daga kogi sai mu. Ni ina aikin safe a kamfanin kwanuka, ina cusa farantin ƙarfe a bakin inji ya buge shi ya zama tasa. Shi yana aikin dare a kamfanin matsar gyaɗa, katanga ɗaya ce ta raba mu. Kafin gado, kowa yana kwana a raɓe a ɗakin wani a cikin gari, ana yi masa gori. Da keke ya samu sai muka koma gida. Da asuba in hau in keta Sharaɗa, in bi ta gefen ganuwa, in tsallake layin dogo, in iso Bompai daidai lokacin da yake fitowa yana warin ƙuliƙuli. In miƙa masa, ya tafi gida ya yi barci, da magariba ya dawo ya miƙo mini.

Dokar ƙofa kuwa ɗaya ce a kamfanonin biyu. Jiniya za ta yi kuka, in ta yi shiru ba ka ciki, to akwai mutane tsugune a bakin titi suna jiran gurbinka, helma, wato shugaban leburori, zai nuna ɗaya da yatsa shi ke nan. An riga an ja mini kunne, an ja masa. Wato tuwonmu gaba ɗaya a kan tayoyin nan biyu yake tafiya.

Rigimarmu a kan sirdi take. In ya hau sai ya zaro shi sama kamar zai ciro kanya. In na karɓa sai in mayar da shi ƙasa. Kowa da sufanarsa a aljihu, ba mai ara wa wani. Kullum safe da yamma a bakin ƙofa, leburori na kallo, ɗaya yana kwance abin da ɗaya ya ɗaure.

"Kai guntu, da wane irin ƙarfi ka ɗaure notin nan?"

"Da wanda Allah ya ba ni, Yaya. Ai ku manya ne, sai ku kwance."

"Wata rana kai zan kwance."

"In kun samu sufana daidai da ni."

Bayan an yi sadakar arba'in, gwaggo ta kira mu. Ita ce ƙanwar mahaifinmu, kuma ita kaɗai ce muke tsoro tare. Ta ce Baba ya yi rayuwarsa yana yawon koli a ƙauyukan kudu da kogi, mutanensa sun tako da ƙafa sun zo gaisuwa, ba a je an yi musu ban gajiya ba. Ta ce mu je gari gari mu yi godiya, mu roƙar masa gafarar wanda ya taɓa ɓata wa.

Yaya ya ce, "Gwaggo, ni kaɗai ma na isa."

Na ce, "Ko ni, tunda ni na fi shi iya gaisuwa."

Ta ce, "Ku biyu ya haifa. Ku tashi ku ba ni wuri."

Aka yi sa'a hutu ya faɗo ranar Asabar ya haɗe da Lahadi. Sharaɗin dai shi ne Yaya ya kasance a ƙofar kamfaninsu kafin jiniyar bayan magariba ta ranar Lahadi, ni kuma in kwana gida da keke don safiyar Litinin.

Da muka fito da keken bayan sallar asuba sai sabuwar magana ta taso, wa zai goya wa. Ya ce shi ba zai tuƙa ni ba, ba baran gidan uwata ba ne. Na ce to ya hau baya in tuƙa. Ya ce shi ba buhun gero ba ne. Na ce ni ma ba amarya ba ce da zan zauna a kariya in riƙe ƙugun wani. Muna nan har rana ta fara leƙowa, sai muka yanke wata dabara da muke ganin ba a taɓa yin mai kyanta ba. Ɗaya ya hau ya yi gaba, in ya yi nisa ya jingine keken a bakin hanya ya ci gaba da ƙafa. Na baya in ya iso ya hau, ya wuce na gaba, shi ma ya jingine. Ta haka za mu yi tafiya tare ba tare da mun jera ba, gwaggo ba ta da abin cewa.

Ƙarshen damina ne. An yanke gero an kwantar, dawa tana tsaye ta fi Yaya tsawo, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai. Muka bi ta Panshekara muka gangara, muka haye kogi inda ruwa ya tsaya a gwiwa, gwiwarsa nake nufi, ni har ƙugu. Daga nan hanya ta zama 'yar siririya tsakanin gonaki, ƙasa ja a wani wuri, yashi fari a wani.

Zan faɗi gaskiya, ƙasar nan tana da kyau, ko da yake na so a ce da wani na gan ta. Na daɗe kunnena bai huta da bugun inji ba, har in na kwanta ina jin sa a cikin kai. Ranar nan ina tafe ni kaɗai a ƙarƙashin ɗorawa da gawo, sai na ji wani abu baƙo, na tsaya ina saurare. Ashe shiru ne. Daga baya sai kukan kurciya ya shigo cikinsa, da ƙarar taɓarya daga wani gida da ba na gani, da belbelu sun bi shanu a fadama. Giginyu tsaye a bakin rafi, ƙanshin gyaɗar da aka tuge tana shan rana. Na kusa in yi wa Yaya fatan alheri. Sai na ɗaga kai na ga keke.

Ya rataye shi a reshen ɗorawa. Ba a jingine yake ba, a rataye, tayoyinsa suna lilo a saman kaina. Na yi tsalle, na yi tsalle, ko feda ban taɓa ba. Sai da wani Bafillace mai kiwo ya zo wucewa, ya dube ni ya dubi keken, ya ce, "Kaɗo, kai ka haifi wannan ko shi ya haife ka?" Ya sa sanda ya zaro mini shi yana dariya har yana riƙe ciki.

Na hau, na wuce Yaya ban ko dube shi ba, kuma ban jingine ba sai da na shiga ƙauyen farko. Na durƙusa gaban dattawa na yi godiya yadda ya kamata, na roƙar wa Baba gafara, aka yi addu'a, aka kawo fura na shanye tas. Da zan tashi na ce wa babban cikinsu, "Baba, yayana yana tafe a baya, wani dogo. Sai ku yi haƙuri da shi, kurma ne, injin gyaɗa ya cinye masa kunne. Sai an ɗaga murya sosai." Na bar masa keken na yi gaba. Ina bayan gari ina jiyo wani tsoho yana kwarara ihu, "SANNU DA HANYA! YA HAƘURI!" Ban taɓa jin gaisuwar mutuwa mai daɗin wannan ba.

Haka muka wuni. Ya ajiye mini keke a tsakiyar tsidau, na zauna faci a rana. Na ajiye masa a hayin wani rafi mai laka bayan na sauke sirdin har ƙasa na ɗaure da dukkan ƙarfina. Muka ratsa tsofaffin garuruwa masu ganuwar da ta zube ta zama tudu, awaki na kiwo a kai, da masallatan ƙasa masu kaurin bango, da karofin da aka daina rini a wasu ramukan har kwaɗi sun gaje su. Abu ɗaya ne ya riƙa damuna. Ƙararrawar keken tana da wata murya ta daban, ta fashe a gefe, in ka kaɗa sai ta yi kamar tana tari. Duk garin da na shiga na kaɗa ta, sai in ga mata sun leƙo ta kan danga, wata tana cewa a kawo mata allura, wata kwalli. Sai su gan ni, su saki danga. Mutanen nan sun san keken fiye da yadda suka san mu. Da ina da hankali da na ɗauki darasi a nan, amma hankalina yana kan inda zan ajiye wa Yaya keke.

Muka kwana a zauren wani aminin Baba, ni a wannan bango shi a wancan. Washegari Lahadi saura gari ɗaya, wanda gwaggo ta ce kada mu kuskura mu tsallake, don dagacinsa abokin Baba ne tun suna samari. Daga can sai mu juya, mu isa gida da azahar a tsanake.

Kafin garin akwai kurmi. Yaya ne a kan keke, ni a ƙasa. Na shiga kurmin da hantsi amma ciki kamar magariba, maɗatai da kanya sun haɗe sama, igiyoyin daji sun sauko har ƙasa, sanyi yana tasowa daga wani rafi da nake ji ba na gani. Birai suna bina ta sama suna leƙe, ina ce musu in sun ga wani ɗan'uwansu dogo a kan keke su faɗa masa ina gaishe shi. Ina tafe ina duba dama da hagu, har da sama, saboda abin da aka yi mini jiya. Ba keke. Na fita daga kurmin, ga wata babbar tsamiya a bakin hanya, ƙasanta a share. Ba keke. Na ce shi ke nan, azzalumin ya karya doka ya wuce da shi. Na ɗora tafiya ina tsine-tsine.

Can gaba na same shi zaune a kan tsohuwar ganuwa yana cire ƙaya a ƙafa.

Ya ce, "Ina keken?"

Na ce, "Ni za ku tambaya?"

"A gindin tsamiya na jingine shi. Ina ka ɓoye?"

"Yaya, in wasa ne ku bari. Aikina a kan keken nan yake."

"Naka aikin? Ni da zan shiga yau?"

Ya miƙe, na ja da baya don in ga fuskarsa da kyau. Sai na ga abin da ban taɓa gani a wurin ba, tsoro. Muka koma tsamiya da gudu, wannan karon muka duba ƙasa da kyau. Ga sawun taya ya zo ya tsaya. Ga ƙwaryar fura a kife, ƙudaje sun taru. Ga sawun ƙafafu da yawa, sai na wani mai faɗin ƙafa ya nufi gari, ba sawun taya tare da shi. Ɗaukar keken aka yi.

Muka shiga garin kamar an koro mu, da gajerun wandunan kamfani, ba hula, ƙura har gira, muna zagin juna da ƙarfi. Ba mu yi wa kowa sallama ba. A ƙofar gidan dagaci muka tarar da taro, maza a gaba, mata daga nesa a bakin lungu. A tsakiyar fili ga kekenmu a kwance, an bar masa sarari kamar mai kuturta, wani tsohon limami yana tsaye yana tofa masa addu'a.

Abin da ya faru, daga baya muka ji. Tsamiyar nan ita ce wurin da Baba yake jingine kekensa duk ranar kasuwa shekara da shekaru, ya shimfiɗa kolinsa. Wata mai fura ta zo wucewa ta ga keken mamaci a wurinsa na kullum, ba kowa kusa, iska ta kaɗa reshe ya taɓa ƙararrawa ta yi tarin nan nata. Matar ta watsar da ƙwarya ta shiga gari tana salati, ta ce mai koli ya dawo. Ba wanda ya yarda ya taɓa sai maƙerin garin, wanda ya ce shi ƙarfe ba ya ba shi tsoro ko na wane ne, ya saɓo shi a kafaɗa.

Yaya ya kutsa cikin taron ya kama kan keken. Ni na kama kariya. Sai muka ji an riƙe mu ta baya, hannuwa kamar na masu sassabe.

"Ɓarayi ne!"

"'Yan iskan kamfani ne, dubi wandunansu."

"Kayan mamaci ma ba ku bari ba?"

Aka tura mu gaban dagaci, aka danna mu ƙasa. Tsoho ne siriri, yana zaune a kan buzu, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya bar mu a rana sai da muka tuna da gaisuwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Yaya, "mu 'ya'yan marigayi ne."

"To. 'Ya'yansa. Shi da yake sauka daga keke tun daga bakin ganuwa ya turo shi da hannu, ya gaida kowa har da makafi. Liman, kai ka je gaisuwa. Ka gan su?"

Liman ya matso ya ƙura mana ido, ya ce shi idonsa ya yi rauni, ba zai ɗauki alhaki ba. Abin da ya tuna kawai shi ne a gidan an shimfiɗa tabarmar karɓar gaisuwa biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, sai da ya yi addu'a sau biyu.

Dagaci ya ce, "Keken na wane ne a cikinku?"

"Nawa ne," muka faɗa tare.

"Na ji. Wanda yake nasa ya faɗi alamarsa."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba fedar hagu, a karkace take. Wannan guntun ne ya faɗa rami da shi a Sharaɗa don ƙafarsa ba ta kai ƙasa."

Na ce, "Allah ya ja zamaninku, a shinshina sirdin. In bai yi warin man gyaɗa ba a yanke mini hannu. Kullum sai na wanke wandona saboda shi."

"A duba burkin baya, da igiya ya ɗaure."

"Wa ya tsinka shi? A duba tayar gaba, facin jiya ne, a kan tsidau ya ajiye mini da gangan."

"Kurma fa? Wa ya ce wa mutane ni kurma ne?"

"Wa ya rataye keke a bishiya kamar naman layya?"

Ina jin mutane sun fara dariya a bayanmu, waɗanda suka riƙe mu ma hannunsu ya yi sanyi. Maƙerin kuwa bai yi dariya ba. Yana tsugune yana bin duk abin da muka faɗa da yatsa, yana samunsa. Da ya zo kan notin sirdi sai ya tsaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi nan. Duk shekarun da mutumin nan ya yi yana kawo mini keken nan, notin nan ko ƙwarzane babu. Yanzu kamar kare ya tauna." Ya juyo gare mu. "Ku da haƙori kuke kwance shi?"

Dagaci ya ce a sake mu. Ya ce, "'Ya'yansa ne. Ɓarayi biyu da sun haɗa baki. Ya taɓa gaya mini yana da maza biyu, na ce ya kawo su in gani, ya ce sai dai ɗaya bayan ɗaya." Sannan ya tambayi abin da ya kawo mu. Sai a lokacin muka tuna da godiya da neman gafara. Muka yi, murya ƙasa-ƙasa. Dagaci ya ce marigayi bai taɓa ɓata wa kowa a garin nan ba sai yau, da ya aiko mu.

Yaya ya dubi rana ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a ba mu, ina da aiki da magariba."

"Za a ba ku. Ku kawo abin da kuke kwance sirdin da shi."

Muka yi kamar ba mu ji ba. Aka laluba aljihunmu aka zaro sufana biyu, dagaci ya tura su ƙarƙashin buzunsa. Maƙeri ya zare sirdin gaba ɗaya, ya goge ƙarfen da ke ƙarƙashinsa da gefen riga, ya nuna wa jama'a wani zobe baƙi da ya zagaye shi, inda ya zauna shekaru bai motsa ba. Ya ce, "Ga tsayin mai shi." Baba kuwa matsakaicin mutum ne, bai kai Yaya ba, ya fi ni.

Dagaci ya ce, "Mayar da shi nan. Ka yi masa abin da ba zai ƙara motsi ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafata ba za ta kai ba."

Yaya ya ce, "Ni gwiwata za ta riƙa dukan kan keken."

Dagaci ya ce, "Madalla. Ashe akwai abin da kuka yarda da shi tare."

Maƙerin nan bai yi sauri ba. Sai da aka yi azahar, ya ci tuwo, ya hura wuta, ya huda ƙarfen, ya zura jan ƙusa ta ratsa, ya dake bakinta ta kowane gefe. Yaya yana zagaye maƙera kamar akuyar da aka ɗaure, yana duban inuwa tana tsawo. Ni da farko daɗi nake ji, don aikinsa ne a bakin wuta. Sai lissafi ya zo mini, irin wanda ba ya bukatar Larabci. In ya hau shi kaɗai ya tafi, ni a ƙasa zan kwana a hanya, keke ya kwana a Bompai, safiyar Litinin helma ya nuna wani da yatsa. Dabararmu ta jingine-ka-wuce kuwa ba za ta kai shi kafin jiniya ba. Ba a miƙo mana keken ba sai bayan la'asar.

Muka tura shi da hannu har bayan ganuwa, yadda aka ce Baba yana yi, jama'a na biye da mu. Nan Yaya ya ɗaga ƙafa zai hau, na riƙe kariya da hannu biyu.

"Saki."

"Sai dai ku tafi da hannuwana."

Ya dubi rana, ya dube ni, ya dubi mutanen garin da suka jeru a kan ganuwa kamar masu kallon dambe. Ya ce ta cikin haƙori, "Hau, buhun banza."

"To, direba."

Na ɗare kariya. Na rantse a raina ba zan taɓa jikinsa ba, na riƙe ƙarfen da ke ƙarƙashina. Shi kuwa yana tuƙi gwiwoyinsa a waje kamar kwaɗo, kowane juyi sai ya yi tsaki. Muka ratsa kurmi birai na ihu. A bakin wani ƙauye taya ta shiga yashi, keken ya yi tutsu, na tashi sama na sauka a gaban wasu mata masu sussuka. Ɗaya ta ce, "Ayya, malam, ka ya da ɗanka." Yaya bai tsaya ba, rage gudu kawai ya yi. Na bi shi da gudu na ɗare, wannan karon na cakumi rigarsa da hannu biyu, na cusa fuska a bayan da ke warin man gyaɗa. A hawa in diro in tura, a gangara in ɗare. A kogi shi ya saɓa keke, ni na ɗauki takalmansa, ban kuma jefa su a ruwa ba, ko da yake na yi tunanin haka.

Ba mu bi ta gida ba. Muka miƙe ta Zawaciki, muka yanki gonakin Sharaɗa rana tana faɗuwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, numfashinsa kamar zugazugin maƙerin nan. A gefen ganuwa muka yi magariba a tsaitsaye, alƙibla ɗaya amma da tazara. Muna tsallake layin dogo jiniya ta fara kuka. Ban san lokacin da na fara ihu ba, "Taka, Yaya! Taka, dogon banza!" Yana cewa, "Rufe mini baki, nauyinka ne!" Muka shigo layin kamfanoni, masu jiran gurbi sun miƙe tsaye suna kallonmu. Bai taka burki ba, dirowa ya yi keken na tafiya, ya faɗa ƙofa da gudu ana jawo ta, jiniya ta yi shiru a bayansa. Ni da keke muka ƙarasa cikin kwata.

Bai waiwayo ba. Na tashi na karkaɗe jiki, na hau sabon sirdi, na ga yatsun ƙafata ne kawai suke taɓa feda, sai na zame dama in taka, in zame hagu in taka. Haka na koma Challawa, haka na dawo da asuba, na kuma riga jiniya. Da na miƙa masa keken, hannunsa ya tafi aljihu, nawa ma ya tafi. Ba komai a ciki. Muka tsaya muna duban juna, leburori suna jiran wasan da suka saba. Ya ce, "Ka karkatar da fedar dama ma." Na ce, "Kwatar da kuka jefa ni ce." Ya hau ya tafi, gwiwoyi a waje.

Shekaru muka yi a kan tsayin Baba, har aka fara kafa kamfanoni a Sharaɗa na samu aiki kusa da gida. Ciwon ƙugun da nake fama da shi yau daga nan ne, shi kuma gwiwa ta hana shi durƙuso, a zaune yake salla. Ba mu shirya ba, kada wani ya ce na ce mun shirya. Yana Na'ibawa wurin 'ya'yansa, nakan je duk sallar idi don kada a ce. In na yi sallama sai ya yi kamar bai ji ba, ya ce ai kurma ne. In na zauna sai ya ce ni na jawo aka ƙwace masa sufana, tasa kuwa ta fi tawa kyau.